Yarinya tana ta ramewa, ta ce azumi ne da olsa: me ke damunta?

Goggon Yara (Aboabo, Kumasi)

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman masu sani su haska mini wani al'amari da ya hana gidanmu barci.

'Yar ƙanina ce, shekararta 16, tana aji biyu a sakandaren kwana. Bara da ta tafi makaranta yarinya ce mai jikinta daidai gwargwado. Wannan hutun da ta dawo sai da uwarta ta yi hawaye: ƙashin wuya duk a waje, siket sai ta kama shi da fil. Da azumin Litinin da Alhamis ta fara, muka ce masha Allah. Yanzu kusan kullum da azumi take wuni, in an sha ruwa kuma ruwan zafi ne da dabino ɗaya ko rabin lemo. In an matsa mata ta ce olsa ce, wai in ta ci cikinta kumbura yake. Abin mamaki, ita ke shiga kicin ta tuƙa tuwon zafi na gida duka, ta zuba wa kowa, ta tsaya a kanka sai ka cinye, ita kuwa ko loma. Da rana tsaka tana cikin rigar sanyi. Karatu ba a magana, ba ta wuce ta ɗaya ko ta biyu a ajinsu.

An yi mata gwajin tibi da ƙanjamau da suga da tsutsar ciki, duk ba a ga komai ba. Kakarta ta ce kambun baka ne saboda ƙoƙarinta, har an fara rubutu da hayaƙi. Wani mai kemis ya ce a ba ta Apetamin. Wata malamarsu ta ambaci anoreksiya, wato ciwon hana kai abinci har a rame, ubanta ya ce wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne masu tsoron ƙiba, alhali ita ba ta taɓa cewa tana tsoron ƙiba ba, kuma a gidanmu mai jiki ake yabo.

Shin da gaske wannan ciwon yana kama irin yaranmu? Me ke kawo shi? Kuma ta ina za mu fara?

Nas ta Asawase

Wa alaikumus salam Goggo, Allah ya ba ta lafiya. Ba a yanke wa mutum ciwo daga nesa, amma abin da kika zayyana ya isa a ɗauke shi a matsayin anoreksiya har sai likita ya ce ba ita ba ce, kuma a hanzarta.

Abin da babanta ya faɗa, likitoci da kansu sun daɗe suna faɗarsa. A Ingila da Faransa aka sa wa ciwon suna a 1873, kuma aka daɗe ana gane shi da abin da 'yan matan can ke furtawa, wato tsoron ƙiba. Sai wani likita a Hong Kong, Sing Lee, ya nuna a shekarun 1990 cewa da yawa cikin marasa lafiyarsa sun rame har ƙashi, al'adarsu ta ɗauke, amma ba sa maganar ƙiba ko kaɗan. Kukansu shi ne ciki ya kumbura, abinci ba ya wucewa. A nan Ghana ma akwai binciken da aka buga a 2004: an auna 'yan mata 668 na sakandare a karkara, aka samu 10 da suka rame ƙwarai ba tare da wani ciwon jiki ba, sai dai su ke hana kansu abinci. Duk goman da addini suka bayyana abin, wato kame kai da danne yunwa, kuma suna ganinsa abin alheri. Ba su kawo damuwar nauyi ko siffar jiki ba.

Ciwon guda ne, hujjar ce ke bin abin da mutanen gari za su karɓa. A zango in yarinya ta ce tana rage ƙiba, dariya za a yi mata a turo mata kwano. In ta ce azumi take, ba mai cewa uffan. Kada ku ɗauka yaudararku take, galibi ita ma ta yarda da hujjar. Kumburin cikin ma gaskiya ne: cikin da ya daɗe babu abinci yana rage saurin tura abin da ke cikinsa, sai loma uku ta zauna mata kamar ta ci kwano guda. Wannan yana warwarewa bayan 'yan makonni na ci a kan lokaci, maganin olsa ba ya taɓa shi.

Rigar sanyin kuwa, jiki ne ya rage wutarsa, kamar mai rage wutar kurfoti don gawayin ya kai shi dare. Zafin jiki ya sauka, bugun zuciya ya ragu, bayan gida ya yi wuya, gashin kai ya riƙa zuba, wani lokaci kuma wani lallausan gashi ya fito a gadon baya da damatsa da gefen fuska. Dafa wa mutane da tsayawa a kansu su cinye shi ma alama ce sananniya. Mai yunwar da ya hana kansa ci, tunaninsa ba ya barin abinci.

Sai al'ada. A gidan Musulmi wannan ba ya ɓuya in an lura: yaushe rabonta da fashin salla? A watan azumin da ya wuce ta sha ko kwana ɗaya, ko ta yi shi cif ba ramuwa? Uwarta ta tambaye ta su biyu. Wata uku ba jini a yarinyar da ta saba gani, bayan an tabbatar ba ciki ba ne, yana nufin jiki ya rufe wannan ɓangaren, kuma a wannan lokacin ƙashi ke rasa ƙarfinsa a shekarun da ya kamata ya ginu.

Abu huɗu za ku auna yau ɗin nan, kowane kemis mai sikeli zai iya. Nauyinta da kilo, ba takalmi, ba rigar sanyi, aljihu wayam. Tsawonta da mita. A raba nauyin da tsawon sau biyu, abin da ya fito shi ne BMI. Ga babba ƙasa da 18.5 rama ce, amma 'yar 16 da jadawalin shekarunta ake gwada ta. Na uku bugun jijiyar wuyan hannu, minti guda cur, bayan ta zauna ta huta. Na huɗu ta tsuguna ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, sannan ta kwanta rigingine ta tashi zaune ba da taimakon hannu ba. In bugun ya gaza 50, ko ta kasa miƙewa sai ta dafa, ko tana jiri da suma in ta tashi tsaye, ko tana zubar da kilo guda a mako, wannan na asibiti ne a ranar, ba na jiran a koma makaranta ba.

A Kumasi akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, kuma asibitocin gundumomi suna da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa da za su iya tura ku gaba. Na Accra suna da Korle Bu da Pantang da asibitin ƙwaƙwalwa na cikin gari. Ku faɗa wa likita kai tsaye cewa kuna zargin tana hana kanta abinci, ku faɗi nauyinta na da da na yanzu. In ba haka ba za a sake rubuta maganin olsa da na ƙarin jini a sallame ku. Ku nemi a duba gishirin jiki, wato fotasiyam da fosfet da magnesiyam, a jini, da hanta, da aikin ƙullin maƙogwaro mai kawo maƙoƙo, da awon zuciya na ECG. Ko jinin ya fito lafiya lau kada hankalinku ya kwanta, domin a wannan ciwon jini kan nuna ƙalau har gab da faɗuwa.

Mai Haɗa Magani (Alabar)

Hajiya, don Allah a bar maganar Apetamin. Abin da ke aiki a cikinsa sifroheftadin ne, maganin ƙaiƙayi da atishawa wanda ke buɗe ciki a matsayin illarsa ta gefe. Yana sa barci da jiri da bushewar baki, har an samu rahoton lahaninsa ga hanta. Yarinyar nan ba rashin jin yunwa ke damunta ba, yaƙi take da yunwar. In an ƙara mata yunwa da magani tsoronta ne zai ƙaru, wata ma daga nan take koyon amayar da abin da ta ci. Mafi muni shi ne deksametason, wanda ake haɗawa a cikin ƙwayoyin nan da wasu ke kira sha-ka-fashe. Ba ƙibar lafiya yake sawa ba. Ruwa yake tarawa, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsattsage, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi laushi. Wadda ta sha shi fiye da mako uku kuma kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jikinta ya daina yin nasa sinadarin. Likita ne zai riƙa rage mata shi a hankali.

Na kawo wannan ne saboda babanta ya ce mu mai jiki muke yabo, kamar wannan yabon kariya ne. Ba kariya ba ne, matsi ne shi ma, fuskarsa ce ta bambanta. A Mauritaniya har yanzu akwai gidajen da ake ɗura wa 'yan mata nonon raƙumi da gero kafin aure. Efik na Kalaba suna da ɗakin da ake killace amarya a yi mata ƙiba. Mu a zango ba mu kai can ba, amma duk wanda ke tsaye bayan kantar sayar da magani ya san ana matso biki cinikin maganin ƙiba ke tashi, domin kada dangin miji su ce gidansu ba a ƙoshi, ko a fara raɗe-raɗin ciwon zamani. Yanzu kuma waya ta kawo wani fasali: ƙugu siriri, ciki a shafe, ƙirji da mazaunai manya. Sai ka ga yarinya guda ta sayi maganin ƙiba da shayin rage tumbi a rana ɗaya.

Shayin nan yawancinsa sanamaki ne a ciki, filasko ke nan. A babban hanji yake aiki, bayan jiki ya riga ya tsotse abincin, don haka abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki. Sikeli ya nuna ta ragu yau, gobe jiki ya riƙe ruwa ƙafa ta kumbura, ta ƙara yawan shayin. Fotasiyam a jini tsakanin 3.5 da 5.0 ya kamata ya zauna. Gudawa da amai da ƙwayar fitsari duk suna kwashe shi, in ya yi ƙasa sosai zuciya ke rikicewa, kuma yana iya faruwa ga yarinyar da ko ramewa ba ta yi ba.

Wannan kuwa wani ciwon ne daban, bulimiya, wanda ya fi wuyar ganewa saboda jikin yana nan daidai. Ci ne mai yawa a ɓoye cikin ɗan lokaci, sannan amai ko wankin ciki, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. Ana gane ta da kumburi a ƙasan kunne biyu, haƙoran gaba su zaizaye ta ciki, tabo a bayan yatsu, da shiga bayi ana gama cin abinci a buɗe famfo. Ku duba jakarta da akwatin abincinta na makaranta ko akwai shayi ko ƙwayoyi, amma uwa ce za ta yi, kuma ba a gaban ƙanne ba.

Malamin Makaranta (Sawaba)

Assalamu alaikum. Likitanci na masu shi ne, ni ɓangaren azumin zan taɓa, domin a nan gida kan rasa bakin magana.

Azumin nafila yana da iyaka a shari'a. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki azumin kullum, Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Ya nuna masa kwana uku a wata, da ya nace sai ya tsayar da shi a azumin Annabi Dauda, yau a yi gobe a sha, ya ce babu wanda ya fi wannan. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. An kuma hana haɗa azumi da azumi ba buɗe-baki, an kwaɗaitar da sahur, an ce a gaggauta shan ruwa. To mai wuni da azumi, ya ƙi sahur, ya buɗe baki da dabino ɗaya ya kwanta, ya bar sunna uku don ya riƙe nafila guda. Mai azumi don Allah yana murna da kiran magariba. Wadda ke jin faɗuwar gaba in an shimfiɗa abinci, wani abu ne daban ke tuƙa ta, ko da niyyarta ta farko mai kyau ce.

Akwai hadisin raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, wanda irin waɗannan yara kan riƙe. Magana ce ga mai cika ciki, kuma hadisin da kansa ya ce lomomin su zama masu tsayar da gadon baya. Wadda ba ta iya miƙewa daga sujada sai ta dafa bango ba ta kai wannan ma'aunin ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya fara nafila ba ya karya ta haka kawai, amma malamai sun ware umarnin mahaifi ko uwa ko malaminsa in don tausayi suka ce ya sha. Ke nan iyayenta suna da hurumin tsayar da nafilar nan gaba ɗaya. Ko Ramadan ya zo ba ta warke ba, aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba marar lafiya izinin sha ya rama daga baya, kuma likita ne zai faɗi lokacin. A samu malama ko malamin da take jin nauyinsa ya gaya mata wannan a keɓe, ba a mayar da ita abin wa'azi a taron gida ba.

Hajiya kaka kuma kada a ce mata ta daina addu'a, wannan faɗa ne da ba shi da riba. A yi tofi a ruwa, a karanta mata, a kai ta asibiti. Sharaɗi ɗaya: duk mai ruƙiyyar da ya ce zai ba ta sanamaki ko wani abin da zai sa ta amai ko gudawa don a fitar da sammu, a ce masa a'a. Ɗan'uwa na Alabar ya riga ya faɗi dalili.

Goggon Yara (Aboabo, Kumasi)

Allah ya saka muku da alheri. Mun auna ta da yamman nan: kilo 38, tsawo mita 1.60. Katin asibitinta na wata bakwai da suka wuce ya nuna kilo 50. Bugun jijiya 48. Ta miƙe daga tsugune amma sai da ta dafa gwiwa. Uwarta ta ce wata huɗu ke nan ba fashin salla. Babanta ya ce daga gobe zai zaunar da ita ya cika ta da fura da nono da maltina har ta dawo. Ni kuma abin da ke ci mini rai shi ne, me muka yi wa yarinyar nan ta zama haka?

Mai Ba Ɗalibai Shawara (Asokore Mampong)

Goggo, tambayarki ta ƙarshe zan amsa, maganar furar kuma na bar wa Nas domin akwai haɗari a ciki.

Ba abu ɗaya ke kawo shi ba, kuma binciken zamanin nan ya daina ɗora laifin a kan iyaye. Nazarin tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da anoreksiya gado ne. Abin da ake gada hali ne: yawan fargaba tun ƙuruciya, son komai ya fita cif ba kuskure, tsananin bin doka, da iya jure wahala ba ƙorafi. Yaran da muke alfahari da su ke nan, masu ta ɗaya a aji, waɗanda ba a taɓa kawo ƙararsu ba. Shi ya sa gida ke makara. Duk abin da ciwon ke sa ta yi, karatun dare da nafila da hidimar kicin, abin yabo ne a wurinmu.

Sai abin da ya kunna shi. A makarantar kwana ƙofofin suna da yawa. Yarinyar da ta tashi da tuwo da waake ta tarar da abincin da ba ta so ko take shakkar halaccin namansa, ta koma gari da shito (soyayyen yaji), ta fara ramewa ba da niyya ba. Ko ta yi zazzaɓi ta zube. Ko wata ta ce mata ta fara zama uwar mata a ɗakin wanka. Ko fargabar WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, da nauyin sanin cewa ita gida ya zuba wa ido. Wani lokacin kuma abu ne mai nauyi, cin zali ko wani ya taɓa ta, wanda ba za ta faɗa ba sai ga mutum ɗaya da ta amince da shi. A yanayin da komai ba ya hannunta, abin da zai shiga bakinta shi kaɗai take da iko da shi, kuma a farko hana kanta yana kwantar mata da fargaba.

Daga nan yunwar da kanta ke riƙe ciwon. A Minesota ta Amurka, a 1944 zuwa 1945, Ancel Keys ya rage wa maza 36 masu ƙoshin lafiya abinci kusan rabi har mako 24, suka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu na tara littattafan girki, suna yanka abinci ƙanana su daɗe a kansa, ga fushi, ga gudun mutane. Da aka sake musu abinci wasu suka kasa tsayawa da ci. Maza ne manya, ba ruwansu da siffar jiki. Darasin da masu magani suka ɗauka shi ne ba a jira yarinya ta gane ba ta da lafiya kafin a ciyar da ita, domin ƙwaƙwalwar da za ta gane ɗin ita ce yunwa ta taɓa. Abinci ne farko, zancen dalili ya biyo baya. Saboda haka nake ganin fatawar Malam dole ce amma ba za ta wadatar ba: in an rufe ƙofar azumi, gobe za ta ce olsa, jibi ta ce ta ci a maƙwabta.

A kan al'ada, ƙasar Fiji ta tsibiran tekun Fasifik ce misalin da babanta ya kamata ya ji. Mutane ne masu yabon jiki da cin abinci irinmu. Talabijin ta isa yankin Nadroga a 1995, Anne Becker ta Harvard ta tambayi 'yan matan sakandare a shekarar, ba ta samu mai yin amai don rage nauyi ba. A 1998 ta samu kusan 11 cikin 100. Shekara uku ke nan, kuma da talabijin, ba da wayar da ke kwana ƙarƙashin filo ba. A ɗaya ɓangaren, binciken lafiyar jama'a na Ghana na 2014 ya nuna mata 40 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, don haka yarinya tana girma tana jin iyayenta mata na kukan tumbi da suga da gwiwa, a gida guda kuma ana yi wa siririya gori. Samari ma ba su tsira ba, nasu ya fi fitowa ta wajen ɗaga ƙarfe da allurar ƙarin tsoka.

Maganin da ya fi aiki ga mai shekarunta shi ne wanda aka tsara a asibitin Maudsley na Landan, inda iyaye ke karɓar ragamar abinci na ɗan lokaci ƙarƙashin kulawar ƙwararre, yawanci wata shida zuwa shekara. A aikace, bayan an sallamo ta: ta fita daga kicin da cefane gaba ɗaya. Uwa ce ke zaɓa, ta dafa, ta zuba, kuma a kwanonta ita kaɗai, domin a kwanon tarayya ba a sanin abin da ta ci, hannu kawai ake ganin yana kai-komo. Ci uku da ƙarin biyu ko uku a tsakani, kada tazara ta wuce awa uku: koko da madara da ƙosai da safe, gyaɗa da ayaba da hantsi, waake da ƙwai da rana, fura da nono da la'asar, tuwo da miyar ayoyo da nama da dare. Babba ya zauna da ita har ta gama, wajen minti talatin, sannan a zauna tare awa guda bayan ci kada ta keɓe. Za ta yi kuka, za ta yi ciniki, za ta ce kun tsane ta. Ba duka, ba zagi, ba roƙo da hawaye, magana ɗaya ake maimaitawa cikin sanyi. Inda abin ke lalacewa shi ne uba ya tsaurara, kaka ta ce a ƙyale baiwar Allah ta ci abin da ta iya. Ku zauna ku manya ku daidaita bakinku kafin a fara.

A ɗauke sikeli daga gida, awo sau ɗaya a mako a asibiti. A gargaɗi masu zuwa dubiya: “kai, kin fara murmurewa, kin yi kumatu” gaisuwa ce a wurinmu, amma a kunnenta tana iya rushe aikin wata guda. Kuma wani ya tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin mutuwa ko cutar da kanta. Tambayar ba ta cusa tunanin, kuma cikin waɗanda wannan ciwon ke kashewa, kusan ɗaya cikin biyar kashe kansu suka yi.

Nas ta Asawase

Goggo, kilo 38 a kan mita 1.60 ya ba da BMI 14.8. Matsakaicin 'yar shekara 16 yana tsakanin 20 da 21, ke nan tana wajen kashi 70 cikin 100 na inda ya kamata. Ta zubar da kilo 12 cikin 50, kusan rubu'in jikinta, ga bugu 48, ga dafa gwiwa. Gobe da sassafe ku kai ta Komfo Anokye da shirin a kwantar da ita. In ta suma, ko ta ce ƙirjinta na bugawa ba daidai ba, ko ta rikice a daren nan, kada a jira gari ya waye.

Ki roƙi Alhaji babanta ya dakata da shirinsa na furar. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya ƙarar da ajiyarsa ta fosfet da fotasiyam da magnesiyam. In aka kwarara masa zaƙi da sitaci rana ɗaya, insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, zai tashi ya kwashe ɗan abin da ya saura a jini ya tura cikin tsoka, sai zuciya da numfashi su rasa abin aiki. Yawanci cikin kwana uku zuwa biyar na farko yake bugawa: ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, jiki ya mutu, hankali ya gushe, har farfaɗiya. Ƙarin ruwa mai suga ba tare da bitamin B1 ba shi ma yana iya jawo irin wannan, don haka kada a kira mai allurar unguwa ya ɗaura mata ruwa a gida. A asibiti ana fara ba ta B1 ɗin, a fara abinci da awo a riƙa ƙarawa, ana duba fosfet kullum a makon farko. Daren yau ta ci irin abin da ta saba da ɗan ƙari kaɗan, koko mai madara kofi ɗaya ya isa.

In abu ya daidaita, rabin kilo zuwa kilo guda a mako ake nema a gadon asibiti, wajen rabin kilo a gida. Kilo 12 ba aikin hutu ɗaya ba ne, don haka ku karɓi takardar likita ku kai wa makaranta tun yanzu. Ba za ta koma kwana ba sai nauyinta ya kusa na da, al'adarta ta dawo, kuma tana cin abinci ba sai an tsaya a kanta ba. Ku tafi da katinta na inshorar lafiya (NHIS) da tsohon katin da ya nuna kilo 50, da duk wani magani ko shayi ko rubutu da take sha, likita ya gan su da idonsa.